Akwatin kayan lissafi na ɗalibai: yadda yake koyar da awon kusurwa da inda yake gazawa

Da wuya ɗalibi ya kai matakin koyon lissafin siffofi ba a ce ya mallaki ɗan akwatin nan na gwangwani ba, wanda ake jera rula da kamfas na zana da'ira da ma'aunin kusurwa da sauran ƙananan kaya a cikinsa. Tsarin akwatin ya daɗe a duniya, domin kamfanin Helix, wanda aka kafa a birnin Birmingham na Ingila a 1887, ya fitar da samfurinsa mai suna Oxford tun a 1935, kuma daga baya kamfanoni da dama suka riƙa yin nasu a kan wannan fasali. Wannan nazari ya shafi akwati na gama-gari ne, irin wanda ɗalibai suka fi riƙewa, kuma tambaya ɗaya na sa a gaba: shin kayan da ke ciki suna taimaka wa yaro ya gane mece ce kusurwa, ya kuma auna ta daidai? A ganina suna taimakawa ƙwarai, amma darajar akwatin kacokan ta rataya ne a kan ingancin ma'aunin kusurwa da kamfas, sannan a kan ko an nuna wa yaron abin da yake aunawa kafin a damƙa masa ma'aunin.

Abubuwan da ake samu a ciki sanannu ne. Akwai rula mai tsawon santimita 15, da alwatikan roba guda biyu, da ma'aunin kusurwa mai siffar rabin da'ira, da kamfas, da wani kamfas ɗin mai tsini biyu na ɗaukar tazara, da guntun fensir, da kilina, da abin fiƙe fensir, wani lokaci kuma har da faifan roba mai ramukan haruffa. Gwangwanin kansa yana yin aikin da aka yi shi dominsa, wato hana robobin karyewa a cikin jaka da kuma hana tsinin kamfas soke littafi ko hannu. Faifan haruffa ba shi da wata alaƙa da kusurwa, kilina da abin fiƙe fensir kuwa ana samun waɗanda suka fi su a ware, saboda haka ba zan tsaya a kansu ba. Guntun fensirin ne kawai ya cancanci a ambace shi, domin an gajarta shi ne da gangan don ya zauna a ƙafar kamfas ba tare da ya rinjaye shi ba, kuma kaifin bakinsa yana shafar awo fiye da yadda ɗalibai suke zato.

Ma'aunin kusurwa shi ne zuciyar akwatin. Rabin da'ira ne na roba mai haske, faɗinsa yawanci santimita 10, an raba bakinsa gida 180, kowane gida digiri ɗaya. Wannan rabo gado ne daga masana taurari na Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suke ƙirga da sittin-sittin, kuma daga gare su ne Girkawa suka karɓi raba da'ira gida 360, da raba digiri zuwa minti 60, da raba minti zuwa sakan 60. Abin da ya sa adadin ya ɗore shi ne sauƙin rabuwarsa. Lambobi 24 ne suke raba 360 ba saura, kuma a cikin lambobi daga 1 zuwa 10, bakwai ce kaɗai ba ta raba shi. Bayan juyin juya halin Faransa an gwada raba da'ira gida 400 domin kusurwar murabba'i, wato mai digiri 90, ta zama 100, kuma har yanzu ana amfani da wannan a wasu ayyukan safiyo, amma a wannan tsari kusurwar alwatika mai gefuna daidai ba ta fita cif, sai ta zama 66 da biyu bisa uku, alhali a digiri 60 ce ba ɗigo. Ga ɗalibin makaranta, wanda zai yi ta raba da'ira gida uku da huɗu da biyar da shida, tsarin 360 ya fi kowane sauƙi.

Ƙanƙantar ma'aunin ita ce ta sa ingancin bugunsa yake da muhimmanci sosai. Idan tazarar da ke tsakanin cibiya da baki santimita 5 ce, to digiri ɗaya a bakin ma'aunin bai kai milimita ɗaya ba, kimanin 0.87 ne na milimita. Layin fensir mai kaurin rabin milimita ya riga ya cinye fiye da rabin digiri. Idan kuma yaro ya ajiye cibiyar ma'aunin ta goce gefe da milimita ɗaya kacal daga mahaɗar layukan biyu, kuskuren yana iya wuce digiri ɗaya tun bai fara karanta lamba ba. Wannan ne ya sa nake fara duba cibiya a duk ma'aunin da ya shigo hannuna. Mai kyau yana da siririn layin tushe da wani siririn layi da ya sauko daga 90 ya gitta shi, ta yadda mahaɗarsu ta zama ɗigo ɗaya tak da ido zai iya gani. Mara kyau kuwa sai a tarar an buga ƙaton baƙin ɗigo wanda yake rufe tsinin kusurwar, ko an huda rami mai faɗi, ko kuma an ɗora tambari daidai wurin da ya kamata a bari fayau. Na ga waɗanda fentin lambobinsu yake kankaruwa da farce, kuma da zarar layukan da ke tsakanin 30 da 40 sun goge, ma'aunin ya tashi daga aiki ko da robarsa lafiya lau take.

Akwai wasu abubuwa biyu ƙanana da suke bambanta ma'auni da ma'auni, waɗanda ba a lura da su sai an ɗora shi a kan takarda. Na farko shi ne fuskar da aka yi bugun. Idan an buga layukan a ƙasan robar, suna manne da takarda, kuma duk inda mutum ya kalla daga, lamba ɗaya zai gani. Idan a saman roba mai kauri aka buga su, akwai tazara tsakaninsu da layin fensir, don haka wanda ya karkata kansa hagu zai karanta wata lamba, wanda ya karkata dama ya karanta wata. Na biyu shi ne matsayin layin tushe. A yawancin ma'aunan akwati, layin sifili ba a gefen robar yake ba, akwai ɗan fili na roba a ƙarƙashinsa. Wannan fili yana kare layin daga lalacewa, kuma na yarda da amfaninsa, sai dai yara da yawa suna jera gefen robar da layin kusurwa maimakon su jera layin sifili, awon ya fito a karkace. Malami ko mahaifin da ya san da wannan zai iya magance shi da nuni ɗaya, amma akwatin ba ya zuwa da wani bayani da zai faɗakar da yaron da yake koyo shi kaɗai.

Babban wurin tuntuɓe shi ne jerin lambobi biyu da ke bakin ma'aunin. Jeri ɗaya yana farawa daga sifili a dama ya tafi hagu, ɗayan yana farawa daga hagu ya tafi dama, saboda a iya auna kusurwa ko ta wace fuska ta buɗe ba tare da an kifa ma'aunin ba. Dabara ce mai kyau, kuma ba na goyon bayan a cire ta, amma sakamakonta shi ne kowane layi yana ɗauke da lambobi biyu: inda aka rubuta 50, a ƙarƙashinsa ko samansa akwai 130, inda aka rubuta 70 akwai 110. A ce ɗalibi ya jera layin kusurwa da sifilin da ke dama, ɗayan layin kuma ya ratsa ta wurin da 50 da 130 suke. Idan ya bi jerin da ya faro daga wannan sifilin na dama, yana ƙirga 10, 20, 30, zai isa 50, kuma ita ce amsa. Idan kuwa idonsa ya faɗa kan jerin da ya fi girman rubutu ko wanda ya fi kusa da baki, zai rubuta 130 da cikakken yaƙini, domin ya ajiye ma'aunin daidai, ya kuma karanta lambar da take a kan layin. Ma'aunan da aka buga jerin biyu da launi daban-daban sun fi sauƙin bi, kuma da zan ba masu ƙera akwatin shawara ɗaya, ita ce su mayar da wannan ƙa'ida.

Launi dai yana rage kuskuren ne kawai, maganinsa na gaskiya yana cikin kan yaro. Wanda aka saba masa ya dubi kusurwa ya kimanta ta kafin ya taɓa ma'auni ba zai rubuta 130 ga kusurwar da ido ya nuna masa ba ta kai ta murabba'i ba. Tambayar da ya kamata ta riga awo ita ce: wannan ta kai digiri 90 ko ba ta kai ba? Idan tsukakkiya ce, amsar tana ƙasa da 90, idan buɗaɗɗiya ce tana tsakanin 90 da 180, kuma da wannan kaɗai an kawar da ɗaya daga cikin lambobin biyu. Ina ganin kuskure ne a miƙa wa yaro ma'auni a darasin farko na kusurwa. Ya kamata ya fara sanin cewa kusurwa adadin juyi ce, wato yawan juyawar da layi ɗaya zai yi a kan mahaɗa kafin ya hau ɗayan. Cikakken juyi 360 ne, rabin juyi 180, rubu'in juyi 90. Fuskar agogo tana nuna wannan sarai, domin tsakanin kowace lamba da mai bi mata digiri 30 ne, dogon hannu yana juya digiri 6 a minti ɗaya, gajeren hannu kuma rabin digiri. Yaron da ya iya faɗin cewa da ƙarfe huɗu daidai hannuwan agogo sun buɗe digiri 120 ya shirya riƙe ma'auni.

Rashin wannan fahimta ne yake haifar da wani ruɗani da kayan akwatin suke iya warwarewa idan an yi amfani da su tare. Yara da yawa suna ɗauka kusurwar da aka zana da dogayen layuka ta fi wadda aka zana da gajeru girma, ko da buɗewarsu ɗaya ce. A littattafan makaranta kuma sau da yawa layukan kusurwa ba sa kai santimita 5, don haka ba sa isa bakin ma'auni, sai yaro ya shiga cinta. Abin yi shi ne ya ɗauki rula ya ƙara tsawon layin da siririn fensir har ya leƙo bayan ma'aunin. A wannan ɗan aiki yana ganin da idonsa cewa layi ya ƙaru amma kusurwa tana nan yadda take, kuma wannan ya fi dogon bayani zama a kai. Rular akwatin ta wadatar ga wannan, muddin gefenta bai tsattsage ba.

Inda ma'aunin rabin da'ira ya gaza a fili shi ne kusurwar da ta wuce digiri 180. Ba shi da lamba a gare ta, sai dai a bi ta bayan gida: ko a auna ƙaramar kusurwar da ta rage a cire ta daga 360, ko a miƙe layi ɗaya a auna abin da ya ɗoru a kan 180. Kusurwa mai digiri 250, alal misali, za a same ta ne ta hanyar auna 110 a cire daga 360, ko auna 70 a ƙara a kan 180. Duk hanyoyin biyu daidai suke, har ma akwai darasi a cikinsu, amma suna ƙara mataki, kuma kowane mataki wata ƙofa ce ta kuskure. Matsalar tana fitowa sosai a wurare biyu na manhaja. A jadawalin da'ira, idan aji yana da ɗalibai 40, kowane ɗalibi yana cin digiri 9, rukuni mai mutum 25 zai ci 225, wanda ma'aunin akwati ba zai zana shi a ɗauki ɗaya ba. A lissafin nahiya kuma, inda ake auna kusurwa daga arewa ana bin juyin hannun agogo a rubuta ta da lambobi uku kamar 045 ko 250, rabin nahiyoyin duka suna bayan 180. Ma'auni mai cikakkiyar da'ira yana yin waɗannan cikin sauƙi, yana kuma nuna wa yaro cewa 360 juyi ɗaya ne da ya koma mafarinsa. Bai cika shiga cikin gwangwanin ba saboda faɗinsa, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ganin akwatin bai cika ba sai an haɗa da shi daga waje. A makarantun Jamus da Ostiriya an bi wata hanya daban, inda ake amfani da alwatikar roba guda ɗaya da aka buga mata rula da ma'aunin kusurwa a jiki, wadda kamfanin Aristo ya fitar a 1964, amma ita ma iyakarta 180.

Alwatikan roba biyun su ne kayan da aka fi yi wa rashin adalci, domin ɗalibai da yawa rula kawai suka mayar da su. Ɗaya tana da kusurwoyi 45 da 45 da 90, ɗayar tana da 30 da 60 da 90. Idan aka jera su gefe da gefe ana samun 75 daga 45 da 30, ana samun 105 daga 60 da 45, da 120, da 135, da 150, idan kuma aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ana samun 15 daga bambancin 45 da 30. Ke nan duk kusurwar da take ninkin 15 har zuwa 180 ana iya fitar da ita ba tare da karanta ko lamba ɗaya ba, kuma yaron da ya yi wasa da su haka yakan samu ido mai kimanta kusurwa, wanda shi ne abin da muka ce yana kare shi daga ruɗanin jeri biyu. Aikinsu na biyu ya fi wannan zurfi. Idan aka danne rula da hannu ɗaya, aka jingina alwatika a jikinta aka ja layi, sannan aka zame alwatikar a kan rular aka sake jan layi, layukan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, saboda kowannensu ya yi kusurwa iri ɗaya da rular. Wannan ita ce ƙa'idar kusurwoyi masu matsayi ɗaya a kan layukan da ba sa haɗuwa, kuma a nan yaro yana yin ta da hannunsa kafin ya haddace ta.

Ana iya gwada gaskiyar alwatika cikin minti ɗaya. A jingina ta a kan rula a ja layi a tsaye ta gefen kusurwar 90, sannan a kifa ta zuwa ɗaya ɓangaren a sake jan layi daga ɗigon farko. Idan layukan biyu sun hau juna, kusurwar cikakkiya ce. Idan sun rabu a sama, ratar da ke tsakaninsu ninki biyu ce na kuskuren alwatikar. Robobi marasa kauri sukan lanƙwashe idan zafi ya taɓa su, tsininsu kuma yakan gutsure, don haka gwajin yana da amfani ko bayan an daɗe ana aiki da su.

Kamfas shi ne abin da na fi so a akwatin, kuma shi ne wanda bambancin inganci ya fi bayyana a jikinsa. Da shi ake gina kusurwa maimakon a auna ta. A ja layi, a kafa tsini a wani ɗigo a kansa, a zana baka, wato ɗan yankin da'ira, da ta yanke layin, sannan ba tare da an canza buɗewar kamfas ba a mayar da tsinin inda bakar ta yanke layin a sake zana wata da ta gitta ta farko. Layin da ya taso daga ɗigon farko zuwa mahaɗar bakunan biyu ya yi digiri 60 da layin tushe, dalili kuwa shi ne ɗigogin uku sun zama alwatika mai gefuna daidai. Wannan gini shi ne na farko a littafin lissafin siffofi da masanin lissafi Yuklid ya rubuta a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin Miladiyya, kuma abin lura ne cewa bai yi amfani da digiri ba ko kaɗan, da kusurwar murabba'i yake kwatanta sauran. Da kamfas ɗin ake raba kowace kusurwa gida biyu daidai, ta haka 60 ta ba da 30 da 15, 90 kuma ta ba da 45.

Duk wannan ya dogara ne a kan kamfas ya riƙe buɗewarsa. Idan an buɗe shi santimita 5 sai ya saki da milimita ɗaya tsakanin baka ta farko da ta biyu, kusurwar da za ta fito ta wuce digiri 61. A akwatuna na gama-gari, nan ne aka fi samun matsala: gaɓar da ke sama tana yin sako-sako bayan ɗan amfani, ko ɗan notin da ke riƙe fensir ya ƙi kamawa, fensir ya riƙa zamewa sama ana tsakiyar zane. Wanda gaɓarsa take da noti da za a iya ƙara ɗaurewa ya fi wanda aka danne da inji aka rufe, domin na biyun idan ya saki shi ke nan. Gwajinsa shi ne a zana da'ira, sannan a riƙa taka kewayenta da wannan buɗewar. Taku shida ya kamata su dawo daidai kan ɗigon farko, saboda sau shida 60 take shiga 360. Idan taku na shida ya wuce ko ya gaza da tazarar da ido zai gani, ko kamfas ne yake saki ko bakin fensir ya dakushe. Kafin a fara, sai a tsuke ƙafafun biyu a tabbatar bakin fensir da tsinin ƙarfe sun yi tsawo ɗaya.

Wani zai iya tambaya, tunda kamfas yana ba da kusurwa da hujja, me ya sa ba za a wadatu da shi ba? Amsar tana cikin wani sakamako da masanin lissafi ɗan Faransa Pierre Wantzel ya tabbatar a 1837, cewa babu wata hanya ta gama-gari da za a raba kusurwa gida uku da kamfas da miƙaƙƙiyar rula kaɗai. Digiri 60 ba ta rabuwa uku ta wannan hanya, don haka ba a iya gina digiri 20. A cikin kusurwoyin da suke cikakkun lambobi, waɗanda suke ninkin 3 ne kawai suke ginuwa, wato 50 da 70 da 100 duk sai da ma'auni. Wannan ya nuna hikimar haɗa kayan biyu a gwangwani ɗaya, domin kamfas yana ba da kusurwoyi kaɗan amma da dalili a bayansu, ma'auni kuma yana ba da kowace kusurwa amma da ɗan kuskuren da ba ya rabuwa da awo.

Wannan kuskure na awo abu ne da ya kamata a faɗa wa ɗalibi ƙarara. Idan aka sa aji su zana alwatika su auna kusurwoyinta uku su haɗa, wasu za su sami 179, wasu 181, wasu 182, kaɗan ne za su sami 180 cif. Yaro mai gaskiya yakan damu, wani kuma ya goge lamba ɗaya ya gyara ta don jimla ta fito yadda aka ce. Bai kamata a bari ya koyi wannan ɗabi'a ba. Da ma'auni mai wannan girma, saɓanin digiri ɗaya a kowace kusurwa abu ne da ake tsammani, kuma awo ba ya tabbatar da cewa jimlar 180 ce, nuni kawai yake yi zuwa gare ta. Tabbacin yana zuwa ne idan aka ja layi ta tsinin alwatikar wanda ba ya haɗuwa da gefen da ke fuskantarsa, aka ga kusurwoyin ukun sun jeru a kan miƙaƙƙen layi. Alwatikar roba da rula ne suke jan wannan layi, don haka hujjar ma tana cikin akwatin. Daga nan sauran suna biyowa da lissafi: siffa mai gefe huɗu tana rabuwa zuwa alwatika biyu, jimlarta 360, mai gefe biyar 540, mai gefe shida 720.

Kada ƙanƙantar kayan ta sa a raina abin da ake koyo da su. Da kusurwa ɗaya wani masani Bagirke mai suna Eratostenis ya kimanta kewayen duniya wajen shekara 240 kafin Miladiyya. Ya san cewa a garin Siyene, wato Aswan ta yau, rana tana tsayawa daidai bisa kai da tsakar rana a ranar da yini ya fi tsawo, alhali a Iskandariyya a wannan lokaci inuwa tana nuna karkata ta kashi ɗaya bisa hamsin na da'ira, wato digiri 7.2. Tunda hasken rana yana sauka a layukan da za a iya ɗauka ba sa haɗuwa, wannan kusurwa daidai take da wadda garuruwan biyu suka yi a tsakiyar duniya, sai ya ninka tazarar da ke tsakaninsu sau hamsin. Ƙa'idar da ya dogara da ita ita ce wadda yaro yake gani idan ya zame alwatika a kan rula. Ta ɗaya fuskar kuma, goce digiri ɗaya yana kai mutum kimanin mita 17 gefe a tafiyar kilomita ɗaya, kuma wannan ne ya sa masu safiyo da matuƙa jirgi suke aiki da na'urorin da suka fi ma'aunin roba daidaito nesa ba kusa ba.

Ga ɗalibin da yake ƙarshen firamare ko farkon sakandare, akwatin ya isa, kuma ina ba da shawarar a mallake shi, tare da ƙarin ma'auni mai cikakkiyar da'ira idan an iso jadawalin da'ira da lissafin nahiya. Ga wanda ya shiga zanen fasaha, ma'aunin santimita 10 da rular santimita 15 sun yi masa kaɗan, gara ya nemi manyan kaya a ware. Kafin a karɓi kowane akwati, yawan abubuwan da aka lissafa a murfinsa ba abin dubawa ba ne. A buɗe shi, a ɗaga ma'aunin kusurwa a haske a ga ko cibiyarsa siririya ce kuma layukansa ba su cakuɗe ba, a murza farce a kan lambobin, a buɗe kamfas a tsuke shi a ji ko gaɓarsa tana da tauri. Sannan a ninke takarda sau ɗaya, a sake ninke ta ta yadda layin ninkin farko zai hau kansa, wanda hakan yake ba da digiri 90 na gaskiya. A ɗora cibiyar ma'aunin a kan tsinin ninkin, layin sifili a kan gefe ɗaya, a duba ko ɗayan gefen ya bi ta kan 90 a jerin lambobin biyu.